Shinge a Akwatin Zaɓe ko Sakata a Ƙofar Majalisa: Wanne Ya Fi Tsayar da Gwamnati?

A tsarin firaminista, gwamnati daga cikin majalisa take fitowa, kuma ranta a hannun majalisa yake. Idan jam'iyyu biyu ko uku ne suka cika zauren, ba a cika jin nauyin wannan ba. Amma ranar da aka wayi gari da jam'iyyu goma ko goma sha biyar, babu mai rinjaye, sai ka ga gwamnati ta hau yau, kafin ministoci su gama sanin ma'aikatansu an kayar da ita. Kasafin kuɗi ya maƙale, aikin da aka fara ya tsaya, jama'a su gaji da layin zaɓe. A irin wannan lokaci ake tayar da maganar gyaran kundin tsarin mulki, kuma wanda gajiya ta kama ba ya tsayawa tambayar abin da ke cikin maganin da aka miƙo masa. Wannan ne abin da ke damuna, domin dokar zaɓe ba riga ba ce da za ka cire gobe idan ta matse ka.

Magungunan da ake kawowa gida biyu suke. Gida na farko ya ce a rage jam'iyyun tun daga akwatin zaɓe. Gida na biyu ya ce a bar su su shigo, amma a ɗaure musu hannu wajen kayar da gwamnati da rusa majalisa. Ni na fi karkata ga na biyu, kuma ba zan ɓoye inda ya gaza ba.

Kafin a zaɓi magani sai a san ciwon, don abin da ake haɗawa a kira rashin tabbas na siyasa ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙasar da gwamnati ke kafuwa cikin sauƙi amma ba ta daɗewa: Italiya ta yi gwamnatoci sama da 60 daga 1946 zuwa yau, Faransa kuma ta yi fiye da 20 tsakanin 1946 da 1958. Akwai wadda kafa gwamnatin ne ke gagara: Beljiyam ta kwashe kwana 541 bayan zaɓen 2010 tana hannun riƙon ƙwarya, Holan ta yi kwana 299 bayan na 2021. Akwai kuma wadda zaɓe ya zame mata ƙarfen ƙafa: Isra'ila ta je akwati sau biyar tsakanin Afrilun 2019 da Nuwamban 2022, Bulgeriya sau bakwai tsakanin Afrilun 2021 da Oktoban 2024. Maganin ɗaya na iya tsananta ɗayan.

Mu fara da shinge, wato sharaɗin da ke cewa jam'iyyar da ba ta samu wani kaso na ƙuri'un ƙasa ba, ba ta da kujera ko ɗaya. Shi ne mafi farin jini saboda sauƙin fahimtarsa. Jamus ta sa nata a kashi 5 cikin 100, kuma shekaru da dama ya riƙe majalisarta a kan ƙungiyoyi uku kacal. Wannan nasara ce ta gaskiya. Amma akwai wanda ke biyan kuɗinta. A zaɓen 2013 jam'iyyar FDP ta masu sassaucin ra'ayi ta samu kashi 4.8, sabuwar jam'iyyar AfD ta samu 4.7, duka suka tsaya a waje, kuma da aka haɗa da sauran ƙanana sai ya zama kusan kashi 16 na masu zaɓe, mutum kusan miliyan bakwai, ba su da wakili a majalisa. A 2025 jam'iyyar BSW ta tsaya a kashi 4.98. Wanda ya kaɗa mata ƙuri'a ya yi duk abin da doka ta ce ya yi, amma tamkar bai fito ba.

Idan aka ɗaga shingen sama, abin ya wuce asara ya koma juya sakamako. Turkiyya ta riƙe nata a kashi 10 har 2022, kuma zaɓen 2002 ya nuna ƙarshen hanyar: jam'iyyu biyu kaɗai suka tsallake. Jam'iyyar AKP da kashi 34 na ƙuri'u ta kwashe kujeru 363 daga cikin 550, dukkan jam'iyyu uku da ke gwamnati a lokacin suka ɓace daga majalisa, kuma kusan kashi 45 na ƙuri'un da aka kaɗa suka tafi a banza. An sami gwamnati mai ƙarfi, babu musu. Sai dai mutum ɗaya cikin uku ne ya zaɓe ta, ta kuwa riƙe kusan kashi biyu cikin uku na zauren.

Babban raunin shinge a wurina ba ma wannan ba ne. Shinge sunayen da ke kan takardar ƙuri'a yake ƙirgawa, ba ɓangarorin da ke cikin al'umma ba. Isra'ila ta yi ta ɗaga nata, daga kashi 1 zuwa 1.5, zuwa 2, har ya kai 3.25 a 2014. Me ya faru? Jam'iyyun Larabawa suka haɗu a ƙarƙashin tuta ɗaya a 2015 suka ci kujeru 13, daga baya suka sake rabuwa. Kuma zaɓukan nan biyar a jere duk a ƙarƙashin shinge mafi tsayi a tarihin ƙasar aka yi su. Bulgeriya ma tana da nata na kashi 4, bai hana ta komawa akwati sau bakwai ba. Dalilin a fili yake: ba jam'iyya mai kashi 2 ce ke hana ruwa gudu ba, manya ne masu kashi 12 ko 15 ko 25 da suka rantse ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Babu shingen da zai taɓa waɗannan.

Sai kujerun gyara, inda doka ke ƙara wa wanda ya zo na ɗaya kujeru don ya samu rinjaye. A nan ya kamata a tsaya a kalli Italiya da kyau. Dokar 2005 ta ba duk ƙawancen da ya zo kan gaba kujeru 340 daga cikin 630 a majalisar wakilai, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi. Tunda haka ne, kowane ɓangare ya shiga tattaro duk wata jam'iyya komai ƙanƙantarta, domin kashi 1 na iya raba gardama. A 2006 ƙawancen Romano Prodi ya ci da ratar da ba ta kai ƙuri'a 25,000 ba, ya karɓi gyararsa. Amma abin da ya tara zaman 'yan marina ne, daga 'yan gurguzu har masu ra'ayin coci, kowa da inda ya sa gaba, kuma a majalisar dattawa rinjayensa bai wuce kujeru ƙalilan ba. A Janairun 2008 jam'iyyar Clemente Mastella, ɗaya daga cikin 'yan ƙawancen, wadda ba ta kai kashi 2 na ƙuri'u ba, ta janye. Aka kaɗa ƙuri'a a majalisar dattawa, 161 suka ƙi gwamnati, 156 suka goyi baya. Bayan shekara biyu kacal aka koma zaɓe. Dokar da aka yi don a rage wa ƙanana ƙarfi ita ce ta mayar da su ƙadangaren bakin tulu. A 2013 kuma ƙawancen da bai kai kashi 30 ba ya kwashi wannan gyara, har kotun tsarin mulki ta soke ta.

Girka ta gwada gyarar kujeru 50 ga jam'iyya ɗaya, ba ga ƙawance ba, kuma wannan ya fi tsari. Idan jam'iyya ta kusa kashi 40, gyarar na ƙarasa ta, kamar a 2019 da jam'iyyar Kyriakos Mitsotakis ta samu kujeru 158 daga cikin 300. Amma a Mayun 2012, lokacin da ƙuri'u suka tarwatse, ta farko da kusan kashi 19 ta samu kujeru 108, ta biyu da kusan kashi 17 ta samu 52, kuma duk da wannan rashin adalci ba a iya kafa gwamnati ba, sai da aka sake zaɓe a Yuni. Wato gyara na aiki ne a lokacin da buƙatarta ba ta da yawa, tana gazawa a ranar da aka fi nemanta.

Wasu sukan ce a koma tsarin mazaɓa ɗaya wakili ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka, irin na Birtaniya. Yana murƙushe ƙananan jam'iyyun da magoya bayansu ke warwatse, amma yana yi wa na yanki gata. A zaɓen Birtaniya na 2015 jam'iyyar UKIP ta samu kusan kashi 13 ta ƙare da kujera ɗaya, jam'iyyar 'yan kishin Sikotland da ba ta kai kashi 5 ba ta ci 56. Ƙasar da rarrabuwarta ta yanki ce ko ta harshe ko ta addini, wannan tsari zai ƙara zurfafa mata ramin. Indiya da shi take zaɓe, amma gwamnatin Vajpayee ta 1996 kwana 13 ta yi. Rinjaye mai yawa ma ba ya hana rikici komawa cikin jam'iyya: a 2022 kaɗai Birtaniya ta ga firaministoci uku daga jam'iyya ɗaya.

Abu ɗaya da zan ce kada ma a soma shi ne zaɓen firaminista kai tsaye a bar shi yana dogaro da majalisa. Isra'ila ta gwada daga 1996. Da mai zaɓe ya samu ƙuri'a biyu, sai ya ba babban ɗan takara ɗaya, ya ba ƙaramar jam'iyyar da ransa ke so ɗayar. Manyan jam'iyyu biyu da suka riƙe kujeru 76 daga cikin 120 a 1992 suka dawo 45 a 1999. An gudu ba a tsira ba, dole aka soke tsarin a 2001.

Yanzu gida na biyu. Asalinsa wani darasi ne mai ɗaci da Jamus ta koya. A zaɓen Yulin 1932 'yan Nazi suka ci kujeru 230, 'yan gurguzu suka ci 89, a majalisa mai kujeru 608. Haɗe sun fi rabi. Ba za su taɓa kafa gwamnati tare ba, gaba ce ta jini a tsakaninsu, amma suna iya ɗaga hannu tare su kayar da kowa. A watan Satumba majalisar ta yanke ƙauna ga gwamnatin Franz von Papen da ƙuri'a 512, masu goyon baya 42 kacal, kuma babu wani mutum ɗaya da waɗannan 512 za su yarda ya gaje shi. Da aka zo rubuta sabon kundi a 1949, sai aka sa sashe na 67: majalisa ba ta da ikon sauke shugaban gwamnati sai ta zaɓi magajinsa da rinjayen dukkan mambobinta a ƙuri'a ɗaya. Ba a tsigewa sai da magaji a hannu.

Sau biyu aka gwada wannan a matakin tarayya. A ranar 27 ga Afrilun 1972, bayan wasu 'yan majalisa sun sauya sheƙa saboda manufar shugaban gwamnati Willy Brandt ta sasantawa da ƙasashen gabas, madugun adawa Rainer Barzel ya shiga zauren da yaƙinin zai fita shugaban gwamnati. Yana buƙatar ƙuri'a 249. Aka ƙirga, aka samu 247. Brandt ya zauna a kujerarsa. Shekara goma bayan haka, FDP ta raba gari da shugaban gwamnati Helmut Schmidt, ranar 1 ga Oktoban 1982 Helmut Kohl ya samu ƙuri'a 256, a wuni ɗaya gwamnati ta sauka wata ta hau, ƙasa ba ta kwana babu shugaba ba. Daga 1949 zuwa yau shugabannin gwamnati goma kacal Jamus ta yi, alhali kusan dukkan gwamnatocinta na haɗin gambiza ne.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan doka shi ne ba ta kwashe ƙuri'ar kowa ba. Ƙaramar jam'iyya na nan a zaure, tana magana, tana shiga kwamitoci, tana ciniki a kan doka. Abin da aka karɓe mata shi ne ikon rushewa ba tare da ɗaukar alhakin gini ba. Kuma ƙofar sauya gwamnati ba a toshe take ba: a Sifaniya, wadda ta ɗauki wannan tsari a kundinta na 1978, Pedro Sánchez da kujeru 84 kawai daga cikin 350 ya tara ƙuri'a 180 ya sauke firaminista Mariano Rajoy a Yunin 2018, bayan hukuncin kotu a kan badaƙalar kuɗi da ta shafi jam'iyyar Rajoy.

To, ga inda ta gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Sakatar tana kare gwamnatin da ta riga ta kafu ne, ba ta taimaka wajen kafawa. Sifaniya ɗin nan ta yi zaɓe huɗu tsakanin Disamban 2015 da Nuwamban 2019. Beljiyam na da irin dokar lokacin da ta yi kwanakinta 541. Sannan gwamnatin da ba a iya kayarwa ba lallai ba ne ta iya mulki: Sánchez ya hau, amma a Fabrairun 2019 majalisa ta yi fatali da kasafinsa, ya kira zaɓe. Isra'ila ma tana da dokar, sai dai majalisarta na iya rusa kanta, don haka masu son kayar da gwamnati ba sa wahalar neman magaji, ta baya suke fita. Ko a Jamus, Kohl a 1982, Gerhard Schröder a 2005 da Olaf Scholz a 2024 duk sun bi ta hanyar faɗuwa a ƙuri'ar neman amincewa suka kai ga zaɓen gaggawa. Wanda ya sa sakata a ƙofar gaba ya bar ta baya a buɗe bai gama aiki ba.

Ƙasashen arewacin Turai ne suka rufe ta bayan. A Norwe ba a rusa majalisa kwata-kwata, shekara huɗu sai ta cika. Da gwamnatin Kjell Magne Bondevik ta faɗi a Maris na 2000 a kan rikicin tashoshin lantarki masu amfani da iskar gas, Jens Stoltenberg ya karɓa daga cikin majalisar nan, aka jira zaɓen 2001 a lokacinsa. Ɗan siyasar da ya san babu zaɓe a gabansa ba shi da ribar tayar da ƙura don ƙididdigar ra'ayin jama'a ta nuna tauraronsa na haskawa. A Suwidin ana iya kiran zaɓen gaggawa, amma ba ya sabunta wa'adi, zaɓen da aka saba zai zo a ranarsa, shi ya sa rabon da a yi irinsa tun 1958.

Suwidin ta ƙara da abin da ke maganin ciwo na biyu, wato gagarar kafa gwamnati. A can ba sai mai neman firaminista ya samu rinjaye ba, abin da ake buƙata shi ne kada mambobi 175 daga cikin 349 su ƙi shi. Dubi ranar 24 ga Nuwamban 2021. Da safe aka kaɗa ƙuri'a a kan Magdalena Andersson: 117 suka yarda, 174 suka ƙi, 57 suka ƙaurace. Masu ƙi sun gaza da ƙuri'a ɗaya, ta wuce. Da yamma majalisa ta amince da kasafin 'yan adawa maimakon nata, jam'iyyar masu kare muhalli ta fice daga ƙawancen, Andersson ta ajiye muƙamin bayan sa'o'i kusan bakwai. A wata ƙasar wannan zaɓe ne sabo. A can kuwa bayan kwana biyar aka sake ƙuri'a, ta dawo da gwamnatin jam'iyya ɗaya mai kujeru 100, ta kai ƙasar har zaɓen Satumban 2022. Ƙauracewa ta ba wasu jam'iyyu damar barin gwamnati ta kafu ba tare da sun ce wa magoya bayansu sun rungumi abokin hamayya ba. Abin da ta biya shi ne ta fara mulki da kasafin da abokan adawarta suka sa wa hannu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai dokar hana sauya sheƙa, wadda ke tsakanin gidajen biyu. Indiya ta kafa ta a 1985, ta ƙara tsaurara ta a 2003. Inda matsalar ita ce sayen 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, tana da amfani sosai. Amma ba ta hana jam'iyya sukutum ta tattara nata ta fice, kamar yadda ta Jayalalithaa, 'yar siyasar jihar Tamil Nadu, ta yi a Afrilun 1999 har Vajpayee ya faɗi da ratar ƙuri'a ɗaya. Tana kuma mayar da wakili ɗan amshin shatan shugaban jam'iyyarsa.

Da za a ba ni alƙalami, shinge zan sa amma gajere, tsakanin kashi 3 da 5, don hana jam'iyyar mutum ɗaya da aljihunsa, tare da sassauci ga tsirarun da yankinsu ko harshensu ya keɓe su. Nauyin gyaran zan ɗora shi a cikin majalisa: ba tsigewa sai da magaji, ba rusa majalisa da son ran firaminista, a bar gwamnatin marasa rinjaye ta kafu idan mafi yawa ba su ƙi ta ba, a kuma tanadi abin da za a yi idan kasafi ya maƙale. Inda zan sassauta ga gida na farko shi ne ƙasar da babu shinge ko kaɗan kuma da gaske ƙanana ne suka cika zauren, kamar Holan da kujera ɗaya ke samuwa da ƙasa da kashi 1, har jam'iyyu 17 suka shiga majalisa a 2021. Kujerun gyara kuwa, in dole ne, kada a ba wanda bai kai wani kaso mai tsoka ba, kamar 40.

Saura tambayar wa ke riƙe da alƙalamin, da kuma yaushe dokar za ta fara aiki. Gwamnatin Silvio Berlusconi ce ta kawo dokar kujerun gyara ta Italiya a Disamban 2005, watanni kaɗan kafin zaɓe, sai gyarar ta faɗa hannun abokin hamayyarsa. Kundin Girka ya toshe wannan kwaɗayi: sabuwar dokar zaɓe ba ta aiki a zaɓe mai zuwa sai a na bayansa, in ba kashi biyu cikin uku na majalisa ne suka amince ba. Shi ya sa da gwamnatin Alexis Tsipras ta soke kujerun gyara a 2016, zaɓen 2019 da tsohuwar doka aka yi shi, tata ba ta fara aiki ba sai a Mayun 2023, lokacin da ya kusa shekara huɗu yana zaune a kujerar adawa.